Auduga a Hannun Hajiya

Mai Hoto bai taɓa shigowa shagona bai tsokane ni ba. In bai ce ɗinkina ya karkace ba, zai ce na sa wa rigar mutane maɓallin da ya fi ƙarfinta. Amma ranar Litinin ɗin nan sai ya tsaya daga bakin ƙofa kamar baƙo, ko sallamar kirki bai iya yi ba.

Na ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki.

"Lafiya? Rasuwa aka yi?"

"Hajiya ta ga takardar," ya ce.

Hajiya mahaifiyarsa ce. Takardar kuwa amsar likitar fata ce, wadda aka bugo mini a asibitin unguwarmu kwana uku da suka wuce. Ni na ba shi ya karanta, shi kuma ya manta ta a aljihun riga. Hajiya ta tsince ta wajen wanki, ta sa ƙanwarsa ta karanta mata.

Layi biyar ne a takardar, amma kalma ɗaya Hajiya ta ji. Likita ta rubuta cewa tabon da ke cikin hoton a dusashe yake, gefensa bai fita ba, don haka sai an gwada an tabbatar ba kuturta ba ce.

"Me ta ce?" na tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai.

"Mai Hoto, da kai nake. Me ta ce?"

"Ta ce ranar Juma'a za ta aika gidanku a ce an janye maganar aurenmu. Ta ce in na ƙara shiga shagon nan ba ta yafe ba."

"Ga shi kuwa ka zo."

"Ai ban shigo ba, Tela. Daga waje nake."

Ko a cikin wannan hali sai da ya kusa ba ni dariya, kuma dariyar ce ta juye mini ta zama kuka. Na kifa kaina a kan keke.

"Shekara biyu," na ce. "Shekara biyu ina zuwa gaishe ta, ina ɗinka mata kaya, ina jin ta kamar Ummata. Yau kalma ɗaya ta shafe duk wannan?"

"Tsoro take ji. Kin san mahaifinta da ciwon nan ya rasu tana yarinya. A wani ɗaki aka ware shi can ƙarshen gida, daga nesa suke tura masa abinci."

"To kai fa? Kai ma tsoron kake ji?"

"Wallahi ko mene ne, ni ke nake so."

"Ko mene ne," na maimaita. "Ka ji ko? Kai ma ka fara yarda ke nan."

Ya daɗe a tsaye yana murza hular da ke hannunsa, sannan ya juya ya tafi.

Wata bakwai ke nan da abin ya fara. Wani ɗan fari ne ya fito a bayan hannuna na dama, kamar madara ta ɗiga. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo. Kafin in ankara ya kira ƙannensa: wuyan hannu, gefen wuya, ƙasan idona na hagu. Masu kawo ɗinki da a da suke miƙo mini yadi hannu da hannu suka koma ajiyewa a kan tebur. A gidan Hajiya kuma aka ware mini wani shuɗin kofin roba. Ba wanda ya ce mini nawa ne ni kaɗai, amma duk ranar da na sha ruwa sai in ga an mayar da shi kan taga ta waje, nesa da sauran kofuna. Ban taɓa tankawa ba. Na dai daina jin ƙishirwa a gidan.

Likitan fata kuwa a garinmu sai dai labari. Mafi kusa da mu tafiyar yini guda ce a mota, in ka je ma layin wata huɗu za a rubuta maka ka dawo gida ka jira. Umma ga ciwon gwiwa, ni ga shago. Shi ya sa na ji kamar an sauke mini dutse daga ka ranar da Sista, ma'aikaciyar jinyar ƙaramin asibitin da ke ƙarshen layinmu, ta ce yanzu ana tura wa likitar fata hoto ta duba daga can inda take.

Matsala ɗaya aka samu, kyamarar ɗaukar hoton fata ta asibitin ta lalace. Sista ta ce duk mai hali ya ɗauko hotonsa da kansa, a hasken rana, ba mai, ba hoda, a kuma ajiye abin awo kusa da tabon. Na yi dariya na ce ni da nake da mai hoto sukutum, ga tef ɗin awo rataye a wuyana. Shi ya ɗauka, shi ya tura wa Sista. Ni ko kallon hotunan ban yi ba, don tun da abin ya hau fuskata na daina shiri da madubi, balle hoto.

* * *

Da na koma gida da yamma sai na tarar da takalman Mai Kemis a ƙofar falo. Labari ba ya wuya a layinmu.

Mai Kemis ya nemi aurena tun kafin Mai Hoto, na ce a'a, amma a'ar ba ta taɓa shiga kunnensa ba. Tun da tabon ya fito yake aiko mini da wani man shafawa da yake haɗawa da kansa, a ƙaramar kwalba marar rubutu. Wata uku ina shafawa. Tabon bai ragu ba, sai ma fatar wurin da ta yi shara-shara har jijiyoyi suna nunawa.

"Yawwa, ga ta nan ma," ya ce yana gyara zama. "Auta, yanzu nake ce wa Umma ni ba matsoraci ba ne irin wasu. Ko a yaya kike, zan ɗauka."

Zan ɗauka! Sai ka ce guntun yadin da ya yi kwantai.

"Na gode," na ce. "Sai dai ba a kasa ni a faifai ba tukuna."

"Auta!" Umma ta daka mini tsawa.

"Ƙyale ta, Umma, ciwo ne ke magana," ya ce. "Amma ki duba fa. Wai likita a cikin waya! Matar da ba ta taɓa jikinki ba, ba ta san ɗuminki ba, ta zauna can ta rubuta kalmar da ta kashe miki aure. Mu da muke kusa mu muka san jikin mutanenmu."

Haushinsa nake ji, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Bayan ya tafi Umma ta jawo ni ta kama hannuwana biyu. A duk unguwar ita kaɗai ce ba ta sauya yadda take riƙe su ba.

"Auta, ba wai son sa nake ba," ta ce, hawaye na bin kuncinta. "Babanki ya tafi ya bar ni da ke. Gwiwar nan kina ganin yadda take. In na kwanta gobe, hannun wa zan bar ki? Waɗancan sun rufe ƙofarsu, wannan ya buɗe tasa."

"Umma, ba ƙofa ya buɗe ba. Tausayina yake so in saya da rayuwata."

"Ba zan yi miki dole ba, kin girma, kina da sana'arki. Amma ina roƙonki, in Juma'a ta yi aka aiko, ki bar ni in amsa wa wannan. Kada in mutu hankalina yana kanki."

Ban taɓa ganin Umma tana roƙona ba. Na kwantar da kaina a cinyarta muka yi kukanmu tare.

"Na yarda," na ce. "Amma ki bar ni zuwa Juma'ar."

* * *

Washegari tun kafin in buɗe shago na nufi asibiti. Sista doguwar mace ce mai faɗa, irin wadda za ta yi maka allura tana yi maka tsiya, sannan ta raka ka har bakin titi.

"Ƙarata kika zo kaiwa?" ta ce da ta gan ni.

"Na zo ki nuna mini abin da Likita ta gani ne."

Ta ɗauko na'urar, wani allo mai faɗin littafi, ta nemo hotunan. Na ɗora hannuna a kan tebur kusa da shi. Sista ta kalli allo, ta kalli hannuna, ta sake kallon allo. Ta cire tabarau ta goge da bakin rigarta ta mayar.

"Auta, hannun wane ne wannan?"

Tef ɗin awona ne a hoton, zoben da Umma ta ba ni ne a yatsa. Amma tabon ba nawa ba ne. Nawa fari ne tas, gefensa a yanke kamar an bi shi da almakashi. Na hoton kuwa ruwan ƙasa ne mai haske, ya narke cikin fata ba a gane inda ya fara. Har ƙunar dutsen guga da ke babban yatsana tun ina koyon ɗinki ta ɓace.

"Ni ma da laifina," Sista ta ce. "A ranar hotunan mutum talatin na tura, ban tsaya na haɗa kowane hoto da mai shi ba. Ba Mai Hoto ne ya ɗauka miki ba?"

Na ja mayafina na miƙe.

"Gobe Laraba ƙarfe goma Likita za ta hau allo ta ga mutane kai tsaye," ta ɗaga murya ina fita. "Zan sa ki a layi. Ki zo da fuskarki yadda Allah ya yi ta!"

Shagon Mai Hoto yana bayan tashar mota. Bango guda cike yake da hotunan amare da ɗalibai da masu neman aiki, kuma babu mai ƙurji ko ɗaya a cikinsu. Shekara biyu ina shiga shagon, ban taɓa lura da haka ba sai ranar. Na tarar da shi gaban kwamfuta yana share wa wani dattijo layukan goshi.

"Ka gyara hotunana?"

Ya juyo. Nan take ya sha jinin jikinsa.

"Kaɗan ne fa, Tela. Hasken na rage, na ɗan daidaita gefen."

"Ban gaya maka abin da Sista ta ce ba? Ba mai, ba hoda."

"Ai ban sa miki mai ba, ban sa hoda ba."

"Ka sa! Da kwamfuta ka sa!"

Ya miƙe yana sosa ƙeya.

"Shekara tara ina aikin nan, hoto bai taɓa fita daga shagon nan ban wanke shi ba. Hannuna ke yi tun kafin in yi tunani. Kuma da na buɗe na ga farin ya fito ƙuru-ƙuru a allo, sai na ji ba zan iya bari baƙuwa ta fara ganinki a haka ba. So nake ta gan ki da kyanki."

"To ta gani. Farin da ka dusashe da gefen da ka narkar, su suka sa ta rubuta kalmar nan. Da hannunka ka zana mini ciwon da mahaifiyarka ta fi tsoro a duniya."

Ya koma ya zauna daɓas. "Innalillahi," kawai yake maimaitawa.

"Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba," na ce. "Masu kawo ɗinki sun guje ni, na jure. Kofin Hajiya na jure. Kai ne kullum kake ce mini ba ka ganin komai. Ashe kana gani. Har ka san daidai inda za ka goge."

"Ban yi don ina jin kunyarki ba."

"Don me ka yi?"

Hawaye suka zubo masa bai share ba.

"Ban sani ba, Tela. Wataƙila kunyar ce, na sa mata sunan so. Ki yafe mini. Faɗa mini abin da zan yi."

Da ya yi mini ƙarya, da na fita ban waiwayo ba. Gaskiyar da ya faɗa ce ta tsayar da ni.

"Gobe ƙarfe goma ka zo asibiti da hotunan na asali, waɗanda ba ka taɓa ba. Ka kuma zo da Hajiya, bayan ka faɗa mata abin da ka yi da bakinka."

"Hajiya ba za ta zo ba. Kin san ta."

"To ranar Juma'a Umma za ta amsa wa Mai Kemis."

* * *

Benci uku ne a barandar asibitin, kuma kafin tara duk sun cika. Ga wani manomi da tafin ƙafarsa ya tsattsage, tun asuba ya taso a bayan babur. Ga wata mata da jaririnta, kansa duk ƙuraje. Kusa da ni wani zabiya ne mai facin taya, ya rufe wuya da tawul saboda gyambon da rana ta yi masa. Ya ce tun da aka haife shi likitan fata bai taɓa kallonsa ba sai wata biyu da suka wuce, ta allon nan. Ya ɗaga tawul ya nuna mini inda ya fara warkewa, yana murmushi kamar mai nuna sabuwar riga.

Goma ta yi, sha ɗaya ta wuce. Sau biyu Sista tana kirana ina cewa na baya ya shiga.

"Saura ke kaɗai fa," ta ce a karo na uku. "Likita tana da wasu garuruwan da ke jira."

Na miƙe. Ina ɗaga labule sai na ji tsayuwar mota.

Hajiya ce ta fito, hannuwanta biyu a dunƙule cikin mayafi. Mai Hoto yana biye da ita da ambulan a hannu, idonsa a kumbure. Na gaishe ta. Ta amsa tana kallon bango.

"Ba don ke na zo ba," ta ce. "Na zo in ji da kunnena, kada gobe a ce na yi zalunci."

Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya da ma'aunin jarirai. An jingina allon da kwalin safar hannu a kan taga, don nan kaɗai sabis yake kamawa. A cikinsa wata siririyar mata ce mai tabarau, da alamar gajiya a idonta.

"Ke ce mai hannu iri biyu, na hoto da na gaske?" ta ce. "Sista ta ba ni labari. Ina mai gyaran?"

Mai Hoto ya matso. "Ni ne, Likita. Ni na ɓata."

"Malam, ka iya aikinka, har ni ka ruɗa. Amma abin da kake gogewa, mu shi muke karantawa. Ka adana gyaran sai ranar bikinku."

Hajiya ta yi gyaran murya mai ƙarfi. Likita ta yi kamar ba ta ji ba.

Ya ciro hotunan asali ya riƙa ɗaga mata ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta sa na matsa jikin taga. Ta duba hannu, ta duba wuya, ta duba ƙasan ido. Ta tambaye ni yaushe ya fara, ko yana ƙaiƙayi, ko yatsuna suna mutuwa, ko allura tana suɓuce mini wajen ɗinki. Da ta tambayi abin da nake shafawa na ɗaga kwalbar Mai Kemis, sai ta haɗe rai.

"Ki miƙa wa Sista wannan, kada ki ƙara kusantar sa. Shi ya cinye miki fata." Ta gyara tabarau. "Ƙanwata, abin da nake gani yanzu daban yake da abin da na gani a hoto. Ki yi haƙuri da tashin hankalin da takardata ta jawo miki. Saura gwaji ɗaya in yanke magana."

"Ke 'yar nan, ki yi mini aikin gafara," Hajiya ta katse ta. "Ta cikin gilashi za ki san ciwo? Ko taɓa ta ba ki yi ba. Ni na ga ciwon nan da idona. Mahaifina..."

Ta juya ta kalli bango.

"Gaskiyarki, Hajiya," Likita ta ce a hankali. "Ba ni da hannu a ɗakin nan. Kullum aro nake yi. Sista, kawo auduga."

"Ita? Wadda yarinyar nan ke ɗinka wa kaya? Ai bakinsu ɗaya," Hajiya ta ce.

Sista ta riƙe ƙugu za ta fara, Likita ta riga ta.

"To ki ara mini naki, Hajiya."

Hajiya ta ƙara dunƙule hannuwanta cikin mayafi.

"Kuturta tana kashe ji a wurin tabo," Likita ta ci gaba. "In aka shafa auduga, mai ita ba zai sani ba. Za ta rufe ido, ke kuma ki taɓa inda kika ga dama, a lokacin da kika ga dama, ta nuna miki wurin. Ba a ɗaukar ciwo ta haka. Kuma ko da ita ce, Hajiya, yau tana da magani. Ana warkewa sarai, ba a ware kowa a ɗaki."

"Ana warkewa?" Hajiya ta ce can ƙasa, kamar da wani take magana wanda ba ya ɗakin.

"Ana warkewa."

Sista ta murza auduga ta yi mata tsini ta miƙa. Sai da na ƙirga numfashina biyar kafin hannun Hajiya ya fito daga mayafi. Ta karɓa da bakin yatsu biyu. Na shimfiɗa hannuwana a kan gwiwa na rufe ido.

Zuciyata bugawa take kamar keke ya kwance. To in ban ji ba fa? In Hajiya ce ke da gaskiya fa?

Wani abu ya ratsa bayan hannuna, sauƙinsa kamar ƙafar tururuwa.

"Nan," na ce, na ɗora yatsa.

Shiru. Sai gefen wuya.

"Nan."

"Yanzu fa?" Hajiya ta ce. "Ina na taɓa?"

Na saurara da duk jikina. Babu komai. Gumi ya karyo mini. Na ji kamar in nuna wani wuri kawai in huta, amma ƙarya ce ta kawo mu ɗakin nan.

"Ban ji komai ba, Hajiya."

"Don ban taɓa ba," ta ce.

Na ji Sista ta tuntsire da dariya. Hajiya ba ta ƙyale ni ba sai da ta zagaye kowane tabo, sau tara, tana sauya wuri tana jinkirtawa, kuma sau tara ina nuna mata daidai.

"Buɗe idonki, ƙanwata," Likita ta ce. "Ba kuturta ba ce. Launin fata ne ke janyewa a wasu wurare. Ba a ɗauka a kofi, ba a ɗauka a shimfiɗa, ba ya hana aure, ba ya hana haihuwa. Zan rubuta miki man da ya dace, ki riƙa kare wurin daga rana, mu sake haɗuwa bayan wata biyu. Ba zan yi miki alkawarin launin zai dawo duka ba. Wani wurin zai dawo, wani zai zauna."

"Wanda ya zauna ya zauna," Mai Hoto ya ce daga bayana. "Ba zan ƙara taɓa shi ba."

Na so in yi wa Likita godiya irin wadda ta dace, amma bakina ya ƙi. "Na gode" kawai na iya faɗa, sau uku, kafin ta ɗaga mana hannu ta wuce wani garin. Har yau ban taɓa ganin matar nan ido da ido ba. Ban san tsayinta ba, ban san ko tana da 'ya'ya ba. Amma ba na idar da salla ban sa ta a addu'a ba, ita da Sista mai faɗa, da duk wanda ya yi tunanin cewa mu ma da muke ƙarshen hanya mun isa a duba mu.

Na yunƙura zan tashi.

"Zauna," Hajiya ta ce. "Ban gama ba. Rufe idonki."

"Hajiya, ai Likita ta..." Mai Hoto ya fara.

"Kai, rufe mini baki. Da kai nake?"

Na koma na zauna na rufe ido. Na daɗe ina jira. Sai na ji an taɓa ƙasan idona na hagu, kan tabon da na fi tsana. Abu ne mai ɗumi, mai ɗan kaushi. Bai ɗaga ba. Ya zauna a wurin yana share hawayen da ke gangarowa.

"Nan," na ce. "Amma wannan ba auduga ba ce, Hajiya."

"Na sani," ta ce. "Har mahaifina ya koma ga Allah ban riƙe hannunsa ba. Na kusa maimaitawa a kanki." Ta ja numfashi, ta kama hannuna mai tabon ta damƙe cikin nata. "Ki gaya wa Ummanki ranar Juma'a zan aiko kamar yadda na ce, amma ranar biki za a tambaya. Yanzu tashi mu je gida, tun safe kike zaune a nan ba ki sha ruwa ba."

Na buɗe ido na kalle ta.

"A kofina za ki sha," ta ce.